Mai Waya Biyu a Hanyar Galmi

Mun tashi da asubar Lahadi daga tashar Mafara, ana sallame salla muka shiga mota, ko shayi ban tsaya sha ba. Galmi na nufa, can cikin ƙasar Nijar, sayen irin albasa. Ku da kuke ta tambaya ina na shige kwana biyar ban ce komai a shafin nan ba, to ga labarin, amma ku sani ba duka ne na daɗi ba.

Abin da ya ɗaga ni shi ne haushin bara. An sayar mini da iri a kasuwa, an rantse mini ɗan Galmi ne, na zuba a gonata da ke ƙarƙashin ruwan Bakolori, albasa ta fito rabi fara rabi ja, kuma ba ta yi wata biyu a ajiye ba ta fara ruɓewa. Sai na yi rantsuwa bana da ƙafata zan je, in ga manomin, in ga rumbunsa, in auna da hannuna.

Kun san dai a wajenmu yanzu ba a shelar tafiya. Ka faɗa a majalisa, kafin ka kai Tureta labari ya riga ka isa daji. Mutum uku kaɗai suka san zan fita: Inna, Yayana, sai maiɗakina. Kuma akwai doka a gidanmu, ni na kafa ta da bakina tun da muka baro Faru muka dawo Mafara. Duk wanda ya yi tafiya zai turo saƙon murya da lambarsa, ɗaya da safe ɗaya bayan la'asar, a kunna wa Inna ta ji. Sashe na biyu na dokar ya fi tsanani. Lokacin da aka ɗauke wani ɗan'uwanmu a hanyar Gidan Goga, da baƙuwar lamba ya kira yana cewa lafiyarsa lau, alhali bindiga na kansa. Tun ranar na tara su na ce, duk ranar da kuka ji muryata a lambar da ba tawa ba, ko me na ce muku kada ku yarda, ku san ina hannu. Na faɗa, na maimaita, har Inna ta ce ta ji, in bar ta haka.

Saboda wannan doka, jajibirin tafiya na je wurin wani mai gyaran waya a bakin kasuwa na tambaye shi yadda zan yi in na tsallaka iyaka. Ya danna wasu lambobi, ya ce in cika kati da yawa, layina zai yi aiki har can ba matsala. Na cika. Na dawo gida ina ƙafafa, na ce wa maiɗakina ta kwantar da hankalinta, na biya, saƙo ba zai yanke ba ko sau ɗaya.

Mu shida ne a motar, amma da biyu daga cikinsu ne na yi doguwar tafiyar. Ɗaya dattijo ne daga Dakko ta Bakura, ya fi shekara ashirin yana zuwa Galmi, ba ya ko riƙe waya mai shafawa. Ɗayan kuwa, shi ne matsalata. Mutum ne dogo, daga wajen Maradun ya ce ya fito, yana da waya biyu, ɗaya a aljihun gaba ɗaya a hannu. Ko garin ba mu bari ba ya fara: daga wace unguwa nake, albasa nake yi ko shinkafa, kwana nawa zan yi. Na ce a raina, to, ga shi nan. Na ba shi amsa da ƙarya tsagwaronta, na ce ni tela ne, gaisuwar rasuwa zan je. Ya dube ni, ya dubi tafin hannuna da ya sha fartanya. Ya danna wayarsa ya rubuta wani abu.

Hanyar Sakkwato kun san ta. Gero ya nuna a gonakin bakin titi, wasu an fara yanka, amma daga Tureta zuwa gaba ba mai kallon gero, kowa daji yake kallo. Direba ya kashe rediyo. Shingen jami'ai kuwa na daina ƙirgawa. Sai da muka ga gidajen Dange sannan aka fara tari da gyaran murya, wata mata a baya ta ɓare gyaɗa ta miƙa wa kowa. Mai waya biyu ya miƙo mini nasa kason, na ce ina da ciwon haƙori.

A Sakkwato muka canza mota. Na yi fatan mu rabu, sai ga shi ya zauna kusa da ni, wai ashe shi ma Galmi ya nufa. Dattijon Dakko ya ce madalla, tafiya ta yi daɗi. Ni dai ban ce madalla ba. Muka bi Kware da Gwadabawa, muka isa Illela da azahar, muka iske kasuwa ta cika maƙil, raƙuma, shanu, buhunan wake, ga masu canji sun baje sefa a kan tebur. Na ci tuwon shinkafa da miyar kuka a wata rumfa, ya yi tsada amma ya yi daɗi. A nan na tura saƙo, ko da lokacin bai yi ba: na iso Illela lafiya, zan tsallaka, sai bayan la'asar. Maiɗakina ta amsa nan take, har na ji muryar Inna a bayanta tana cewa Allah ya kiyaye hanya. Ban san saƙon ƙarshe ke nan ba.

Babur muka hau zuwa Ƙonni. A iyaka aka duba katunanmu, wani jami'i ya karɓi wayata ya juya ta ya mayar mini. Muna shiga gari ta yi ƙara, saƙon maraba ya shigo da Turanci, na ji daɗi na ce lalle mai gyaran nan ya san aikinsa. Na sa ta a aljihu. Muka yi canji, muka sha shayi mai sukarin da ya fi ƙarfin hankali da burodin nan nasu dogo kamar sanda. Da aka yi la'asar na fito da waya in cika alkawari. Saƙo ya tsaya yana juyi. Na duba kati, babu ko sisi. Layin ya mutu murus, ba kira, ba karɓa.

Nan fa zargi ya tashi. Na fara da jami'in iyaka, na ce shi ya kwashe da ya juya wayar. Na koma kan mai gyaran Mafara, na ce ya haɗa baki da wani. Daga ƙarshe na sauke komai a kan mai waya biyu, tunda shi ne ya zauna manne da aljihuna tun daga Sakkwato. Shi kuwa ya leƙo ya ce, "Malam, data ka bari a buɗe ka tsallako. Wanga ƙasa in ka shigo da layin gida, kahin ka sha ruwa ta cinye ma kati." Na ce na gode, a raina ina cewa to ta yaya ya sani in ba shi ya yi ba.

Akwai wani mutum a ƙarƙashin laima kusa da tashar Ƙonni, yana sayar da layin ƙasar. Na je. Ya yi mini bayani da Hausarsu mai daɗi, ya ce in na sa layinsu na sayi data, manhajar da nake tura saƙon murya ba za ta canza lamba ba, mutanen gida da tsohuwar lambata za su gan ni. Abin da nake nema ke nan daidai. Amma sai ya ce in kawo katin shaidata ya ɗauki hotonsa, in kuma ba shi wayar ya saita. Kai! Katina, da hotona, da sunan garinmu, a wayar mutumin da ban san ko sunansa ba? Na tuna labaran da ake yi na waɗanda aka yi rajistar layi da sunansu aka je aka yi ta'asa da shi. Na karɓe katina na ce zan dawo. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya juya ga wata mata mai sayen kati.

Daga Ƙonni zuwa Galmi titin ya fi namu laushi, in faɗi gaskiya. Muka wuce Tsarnawa, muka ga hayaƙin masana'antar siminti a Malbaza, jandarma suka tsayar da mu sau biyu, ba su ɓata mana lokaci ba. Ƙasar jan dutse ce, sai kwari-kwari masu kore inda ake lambu. Da ka kusa Galmi hanci ne zai fara gaya maka. Rumbunan albasa na kara da ciyawa jere a bayan gari, jakuna na jan amalanke, mata na shanya ganyen albasa a kan tabarmi. Ban ji daɗin kallon ba. Rana na faɗuwa, ni kuwa ina ganin Inna zaune a kan buzunta tana tambaya ko saƙo ya shigo.

Wurin wani dillali abokin dattijon Dakko muka sauka. Mutumin kirki, ya kawo mana dambu da zogale da mai, ya shimfiɗa mana tabarmi a zaure. Tun kafin mu wanke hannu mai waya biyu ya zaro ƙaramar wayarsa, ashe layin Nijar ne a ciki, ya ce in ina so ya jona mini data daga tasa in tura saƙona, minti ɗaya ya isa. Na ce a'a, ba gaggawa. Ni a tunanina da zarar wayata ta haɗu da tasa, shi ke nan ya ga lambobin gidanmu, ya ga hoton gonata, ya ga har bijimaina biyu na huɗa da na ɗauka ranar salla, ja da fari. Waɗannan bijimai su ne ƙarfin gidanmu, su ke huɗa, su ke jan amalanke, shekara huɗu ina kiwonsu tare.

Litinin muka shiga neman iri. Dattijon Dakko gwani ne. Zai ɗebi iri ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya zuba kaɗan a kofin ruwa ya ga nawa ya taso. Wanda ya yi masa, sai ya ƙulle ɗan kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma ya ce sai mun ga tsiro za mu biya, ko da za mu kwana uku. Manoman ba su ji haushi ba, dariya ma suke yi, sun san shi. Da kwalba suke aunawa, kuma farashin ya ɗara na bara, in ji shi, saboda faɗuwar naira. Ni dai jikina na wurin, hankalina na Mafara. Saƙon safe ya wuce. Na hau wani tudu a bayan gari ina ɗaga waya sama ko layin gida zai leƙo, wasu masu jakuna suka tsaya suna kallona.

Bayan la'asar ta Litinin na yi wautar da ta fi duka. Zuciya ta ci ni, na roƙi mai masaukinmu wayarsa, na koma bayan rumbu na buga lambar maiɗakina. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ta yi sallama. Na ce, "Ni ne." A daidai nan dokata ta faɗo mini. Baƙuwar lamba, ta wata ƙasa, da muryata a ciki. Duk abin da na ƙara faɗa, cewa za su yi tilasta ni aka yi. Sai na rikice na katse kiran. Ta sake bugowa sau uku, na ce wa mai gida don Allah kada ya ɗauka. Na zauna ina gaya wa kaina wai gara shiru da in tayar musu da hankali. Ku ji fa, mutum mai 'ya'ya biyar.

Talata da hantsi muna zaune a zaure, ban taɓa kokon da aka kawo ba, mai waya biyu ya aje kofinsa ya fuskance ni. Ya ce, "Malam, kai ba tela ba ne, kuma ba ni da ruwa da wannan. Amma kwana biyu ina kallonka, ba ka ci, ba ka kwana. Akwai wanda ka bari gida yana jiran muryarka. In ni kake tsoro, ga wayar, riƙe ta da hannunka, ni in fita waje." Ya kunna abin jona datar, ya aje wayar a kan tabarma, ya gaya mini lambobin sirrin, ya sa takalmi ya fita abinsa.

Na daɗe ina kallon wayar nan. Dattijon Dakko ya ce, "Kai dai jona, ɗana. In ɓarawo ne, ai ga wayarsa a hannunka." Na jona.

Wayata ta fara kuka kamar ba za ta daina ba. Saƙo a kan saƙo. Na farko maiɗakina na tsokanata, wai na ga 'yan matan Nijar na manta da mutane. Na bayansa ba wasa a ciki. Na daren Litinin kuka ne kawai, tana cewa ta ji ni, ta ji lokacin da suka ƙwace wayar, in yi haƙuri, in yi musu biyayya. Na ƙarshe na Yaya ne, da asubar ranar. Ya ce in waɗanda ke riƙe da ni suna ji, su yi wa Allah kada su taɓa ni, yau kasuwa, zai fitar da shanu, kafin su kira an haɗa abin da aka haɗa. Sai a lokacin na tuna ranar Talata ce, kasuwar garinmu ke ci, kuma kowa a wajenmu ya san in ka bari ta wuce sai wani mako, mutanen daji kuwa ba sa jiran mako.

Nan take na buga masa kiran bidiyo. Ya ɗauka a tsakiyar kara, kukan shanu da hayaniyar dillalai ko'ina. Ya ga fuskata, ya ga lambata ce, amma bai yi murna ba. Jinin gidanmu ɗaya ne. Ya ce, "Juya wayar in ga bayanka." Na juya. Ya ce in fita waje. Na fita, na nuna masa rumbunan albasa, na nuna masa jakuna, na nuna masa titi da motoci. Ya ce wane ne wancan dogon da ke tsaye. Mai waya biyu ya ɗaga masa hannu ya ce, "Barka da kasuwa, Alhaji, ƙanenka lahiya lau, taurin kai kawai ad da shi." Sai Yaya ya zauna a ƙasa, a cikin kashin shanu da komai, ya rufe fuska da hula.

Da ya buɗe fuska na ce, Yaya, shanun fa? Ya juya wayar. Farin na tsaye, igiyarsa a hannun maƙwabcinmu. Jan kuwa tun da sassafe aka saye shi, a farashin wanda aka ga yana sauri, kuma motar da ta ɗauke shi ta kama hanyar Kudu. Ya ce in kashe in kira gida, Inna tun Lahadi ruwa kawai take sha.

Da na gama da gida na mayar wa mutumin wayarsa, na kasa haɗa ido da shi. Na ce ya yafe mini, tun daga Mafara na ɗauke shi ɗan leƙen asirin mutanen daji. Ya yi dariya har da tafi. Ya ce ai shi ma haka ya ɗauke ni. Mutum da hannun manomi ya ce shi tela ne, ya ƙi cin gyaɗa, ya ƙi magana, yana ta satar kallon wayoyin mutane. Abin da na ga yana rubutawa a tasha, kamannina ne yake tura wa matarsa, ko da wani abu zai faru. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya yi kwana goma sha tara a daji, shi ya sa yake tambayar duk wanda ya zauna kusa da shi, shi ya sa kuma ba ya tsallaka iyaka sai da layin ƙasar a aljihu. Ya nuna mini sawun igiya a ƙafarsa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Ranar da yamma ya raka ni wurin wata mai shago a bakin titin Galmi. Na miƙa katina da hannuna, ta ɗauki hotonsa, ta sa mini layi, ta zuba mini datar mako guda. Kuɗin duka bai kai abin da na kashe a tuwon Illela da babur ba. Manhajar ta tambaye ni ko in canza lamba, ya ce in danna a'a, na danna. Shi ke nan fa abin da na guje wa tun Ƙonni.

Laraba tsumman dattijo ya nuna tsiro, fari tas, kusan kowace ƙwaya. Muka biya, aka ɗinke mana a ƙananan buhuna. Alhamis muka juyo, kuma tun daga Malbaza nake tura saƙo kamar mai ba da rahoto, har maiɗakina ta ce ya isa haka, caji zai ƙare mata. A Illela na mayar da layin gida, na naɗe na Nijar a takarda na sa a cikin hula. A Sakkwato na saya wa abokin tafiyata kilishi, ya ce ina ciwon haƙorin, na ce ya warke. Mun karɓi lambar juna, ta gaskiya wannan karon. Dattijo ya sauka a mararrabar Bakura, na sauka a Mafara ni kaɗai ana kiran la'asar, shi kuma ya wuce zuwa mararrabar da zai samu motar Maradun.

Masu niyyar tsallakawa, ga abin da na koyo, kuma da tsada na koye shi. Ku kashe data kafin ku taka iyaka. Ku sayi layin ƙasar a wurin da ake rajista, katin da ake tambaya ƙa'ida ce, ba sata ba. Ku gaya wa na gida tun kafin ku fita cewa layi na iya mutuwa kwana ɗaya ko biyu, kada ku yi musu alkawarin da kamfani ne zai cika shi. Zargin da muke yi ba mu muka ɗora wa kanmu ba, abin da muka gani ne ya koya mana, kuma ba zan ce ku daina ba. Amma ni nawa ya hana ni amsar taimako sau biyu, ya sa na katse wa matata waya.

Da na shiga gida farin bijimin na turkensa, ya juya yana kallon turken da ke kusa da shi, yara sun ce tun Talata bai ci dusa sosai ba. Na wuce ɗakin Inna na durƙusa. Ta shafa kaina, ta shafa fuskata. Na fara ba ta haƙuri kan bijimin, ta ce in bar zancen sa, Allah ya mayar da alheri. Sannan ta ce, "Waccan doka taka, na soke ta yau. Ko da wayar wa ka samu, ka kira, ka ce a ba ni. Ni na haihe ka. In kana cikin tsoro, kahin ka gama sallama na sani."

Na ce to, Inna. Na fita na kwance igiyar jan da ke rataye a turke, na naɗe ta, na kai ɗaki na aje kusa da buhun irin.